Sinadarin Tayirod da Haihuwar Namiji a Dangin Ɓera: Jagora ga Masu Kiwon Gyazbi

Gabatarwa

Kiwon gyazbi yana daga cikin ƙananan sana'o'in da suka samu karɓuwa a jihohin kudu da na tsakiyar Nijeriya, da kuma ƙasashen Ghana da Jamhuriyar Benin. Wannan dabba, wadda Yarbawa ke kira oya, Inyamurai kuma nchi, masana suna kiran ta Thryonomys swinderianus. Tun cikin shekarun 1970 aka fara nazarin yadda za a kiwata ta a gida, a Ghana da kuma Jami'ar Ibadan. A tsarin da aka saba, namiji ɗaya ake haɗawa da mata huɗu ko biyar. Mace tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 150 zuwa 155, wato wata biyar, kuma yawanci 'ya'ya huɗu take haifa. Ka ga ke nan idan namijinka ba ya iya ba da ciki, asarar ta shafi keji guda, kuma ba za ka gane ba sai bayan watanni, ka riga ka kashe kuɗin abinci da wahalar yankan ciyawa.

Abubuwa da dama ne ke hana namiji haihuwa. Wannan jagora ta ɗauki guda ɗaya da ba a cika magana a kansa ba, wato sinadarin da tsokar tayirod ke fitarwa. Mafi yawan abin da aka sani game da shi an samo shi ne daga gwaje-gwaje a kan fararen ɓeraye na ɗakin bincike, waɗanda dangi ɗaya suke da gyazbi da gafiya, dangin dabbobi masu gaigaya da haƙoran gaba. Za mu bayyana maka abin da aka gano, sa'an nan mu nuna inda ya shafi abincin da kake ba dabbobinka, musamman rogo.

Mece ce tayirod?

Tayirod wata 'yar tsoka ce mai ɓari biyu da ke manne a maƙogwaro, a gaban wuya. Mutum yana da ita, haka ma saniya da akuya da ɓera. Ita ce idan ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne ta ɗebi sinadarin aidin daga jini ta haɗa wasu sinadarai biyu da shi. Na farko ana kiran sa T4, domin yana ɗauke da ƙwayar aidin huɗu. Na biyu T3, mai ƙwayar aidin uku. T4 ne ya fi yawa a jini, amma T3 ne mai ƙarfin aiki. Gaɓoɓin jiki su ne ke cire aidin guda daga T4 su mayar da shi T3, kuma wannan aiki yana buƙatar wani ma'adini mai suna siliniyom.

Tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, wadda ke aika mata da saƙo ta cikin jini, ana kiran saƙon TSH. Idan sinadarin tayirod ya yi ƙaranci, sai fituwitari ta ƙara yawan TSH domin ta matsa wa tayirod ta ƙara himma. Idan kuwa babu aidin da za ta yi aikin da shi, sai ta yi ta girma a banza. Asalin maƙoƙo ke nan.

Sinadarin tayirod shi ke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci ya samar da ƙarfi da ɗumi. A jikin jariri kuma shi ke sa ƙwaƙwalwa da ƙashi da wasu gaɓoɓi su nuna a kan lokaci.

Yadda maraina suke

Idan aka tsaga marainan ɓera za a tarar da siraran bututu a nannaɗe, kamar zaren da aka dunƙule. A cikin waɗannan bututu ake yin ƙwayoyin maniyyi. Ƙwayoyin jiki iri biyu ne ya kamata ka riƙe sunansu.

1. Ƙwayoyin reno. Suna jere a bangon bututun daga ciki, su ne ke riƙe da ƙwayoyin maniyyi masu tasowa, suna ciyar da su, suna kare su har su nuna. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Enrico Sertoli, shi ya fara bayyana su a shekarar 1865, don haka a littattafai ake kiran su da sunansa.

2. Ƙwayoyin mazakuta. Suna zaune a tsakanin bututun daga waje, su ke fitar da sinadarin testostiron, wanda ke kawo sha'awar barbara da kamannin namiji. Franz Leydig na ƙasar Jamus ya bayyana su a shekarar 1850.

Daga bututun, maniyyi yana wucewa zuwa wani murɗaɗɗen bututu da ke manne a jikin maraina, inda yake ƙarasa nuna, ya koyi motsi, a kuma ajiye shi. A ɓeran gwaji, daga farkon ƙwaya zuwa cikakken maniyyi ana ɗaukar kimanin kwana 50.

Akwai ƙa'ida guda da duk bayanin da ke tafe ya dogara a kanta. Kowace ƙwayar reno tana da iyakar yawan ƙwayoyin maniyyin da za ta iya ɗauka. Ƙwayoyin reno kuma suna rabuwa su ƙaru ne tun dabba tana ciki da kuma farkon rayuwarta. Da zarar sun nuna sai su daina ƙaruwa. A ɓeran gwaji wannan yana faruwa ne wajen kwana 15 zuwa 16 da haihuwa. Adadin da aka samu a lokacin shi ne zai ƙayyade girman maraina da yawan maniyyin da namiji zai iya yi idan ya girma.

Abin da bincike ya gano

Shekaru da yawa masana sun ɗauka cewa maraina ba sa jin sinadarin tayirod. Gwaje-gwajen shekarun 1950 sun nuna cewa idan aka ba babban ɓera wannan sinadari, hanta da zuciya suna ƙara shan iskar oksijin, amma maraina ba sa canzawa. Kuskuren shi ne manyan ɓeraye aka duba. Da aka koma kan jarirai sai labari ya sha bamban.

A shekarar 1991, Paul Cooke da abokan aikinsa a Jami'ar Ilinoi ta Amurka sun buga sakamakon wani gwaji. Sun zuba wani magani mai danne aikin tayirod, mai suna PTU, a ruwan shan uwayen ɓeraye masu shayarwa, daga ranar haihuwa zuwa kwana 25. Maganin ya bi ta nono ya shiga jikin 'ya'yan, sinadarin tayirod ɗinsu ya faɗi ƙasa. Bayan kwana 25 aka janye maganin, tayirod ta farfaɗo. A lokacin shan maganin 'ya'yan sun tsumbure, marainansu ƙanana. Amma da suka girma sai nauyin marainansu ya zarce na sauran ɓeraye da kusan kashi 80 cikin 100, yawan maniyyin da suke yi a kullum kuma ya ninka sau biyu da kusan rabi. Da aka ƙirga ƙwayoyin reno a shekarar 1993, an tarar sun ninka fiye da sau biyu da rabi.

Masu bincike a birnin Utrecht na ƙasar Holan sun bayyana dalilin haka a shekarun 1992 da 1993. Sun nuna cewa idan babu isasshen sinadarin tayirod, ƙwayoyin reno suna ci gaba da rabuwa har wajen kwana 30, maimakon su tsaya a mako na uku. Da suka juya gwajin, suka riƙa yi wa jarirai allurar T3, sai ƙwayoyin suka daina rabuwa da wuri, wajen kwana 12, bututun suka buɗe kafin lokaci, marainan kuma suka tashi ƙanana.

A taƙaice, T3 shi ne mai ba ƙwayoyin reno umarnin su daina ƙaruwa su fara aiki. Idan umarnin ya zo da wuri, ƙwayoyin ba su yi yawa ba. Idan ya makara na ɗan lokaci, sun yi yawa fiye da kima. Idan kuwa bai zo ba sam, ƙwayoyin suna nan da yawa amma ɗanyu ne, ba su iya renon maniyyi.

Ta yaya umarnin ke isa? A cikin ƙwayar reno akwai wani makarɓi, kamar kwaɗo ne da T3 ke zama mabuɗinsa. Masana suna kiran sa TR alfa 1. Yana da yawa a marainan jarirai, yana raguwa yayin da dabba ke girma, abin da ya sa marainan babban ɓera ba su nuna canji ba a gwajin farko. Idan T3 ya shiga wannan makarɓi, ƙwayar tana ƙara yin wasu sinadarai masu taka wa rabuwa burki, ɗaya daga cikinsu shi ne p27. Tana kuma ƙara shan sukari daga jini ta sarrafa shi zuwa abincin da ƙwayoyin maniyyi ke rayuwa a kansa. A shekarar 2005 an gwada ƙananan ɓerayen da aka cire musu wannan makarɓi, aka ga T3 ya kasa tsayar da rabuwar ƙwayoyinsu na reno, abin da ya tabbatar da cewa ta nan saƙon ke bi.

Ƙwayoyin mazakuta su ma suna buƙatar sinadarin. A ɓera, irin ƙwayoyin da babban namiji zai yi amfani da su suna fara fitowa ne daga mako na biyu bayan haihuwa. Rashin sinadarin tayirod yana tsayar da wannan fitowa. A ɓerayen da aka ba PTU aka janye, ƙwayoyin sun fito daga baya da yawa, amma ƙanana ne, kowace tana yin testostiron kaɗan, har jimillar da ke cikin jini ta tashi daidai da ta sauran ɓeraye.

Idan ƙarancin ya daɗe

Kada sakamakon gwajin Ilinoi ya ruɗe ka. Girman maraina ya samu ne domin an danne tayirod na 'yan kwanaki ƙididdigaggu, a daidai lokacin da ƙwayoyin reno ke rabuwa, sa'an nan aka sake ta. Da aka jinkirta fara maganin har wannan lokaci ya wuce, ba a samu ƙarin komai ba. Ƙarancin da ke faruwa a gona kuwa, wanda rashin aidin ko gubar abinci ke kawowa, ba shi da ranar tsayawa. Ga abin da aka gani a ɓerayen da ƙarancin ya daɗe a jikinsu:

1. Jinkirin girma da jinkirin balaga.
2. Bututun maraina ba sa buɗewa a kan lokaci, ƙwayoyin maniyyi masu tasowa da yawa suna mutuwa.
3. Maraina da ma'ajiyar maniyyi da sauran tsokokin da ke yin ruwan maniyyi suna zama ƙanana.
4. A manyan maza, motsin maniyyi yana iya raguwa, dabbar ta zama mai kasala.

Ko waɗanda aka ba maganin na ɗan lokaci ba su tsira ba. Jikinsu bai kai na 'yan'uwansu nauyi ba, kuma sananne ne cewa rashin sinadarin tayirod a jarirantaka yana yi wa ƙwaƙwalwa da ji lahanin da ba ya gyaruwa. Saboda haka muna gargaɗi: kada kowa ya ba dabbarsa PTU ko wani magani irinsa da nufin ƙara mata haihuwa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun haramta ba dabbobin yanka irin waɗannan magunguna tun shekarar 1981.

Ina gyazbi ya shigo?

Ɓeran gwaji yana yin kwana 21 zuwa 23 a ciki, a haife shi tsirara, idonsa a rufe har wajen mako biyu. Ɗan gyazbi kuwa yana fitowa da gashinsa, idonsa a buɗe, yana tafiya tun ranar farko. Don haka lissafin kwanakin da muka kawo a sama na ɓera ne, kada a ɗora shi a kan gyazbi. Abin da ya haɗa su shi ne tsarin jiki: tayirod mai buƙatar aidin, ƙwayoyin reno, da ƙwayoyin mazakuta. Tun da gyazbi yana kammala babban ɓangare na ginin jikinsa a cikin uwa, kuma aidin ɗinsa daga jininta yake samu, bayan haihuwa kuma daga nononta, kula da namijin da za ka yi iri da shi yana farawa ne daga abincin uwarsa, ya ci gaba har ya balaga wajen wata shida zuwa takwas.

Abincin da ke danne tayirod

Rogo. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, kuma masu kiwon gyazbi da yawa suna ba da saiwarsa da ɓawonsa da karansa. Rogo yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin, wanda ke sakin gubar sayanayid idan aka tauna ko aka niƙa. Gubar ta fi yawa a ɓawo da ganye, ta kuma fi yawa a rogo mai ɗaci. Hanta tana karya ta ta hanyar haɗa ta da sinadarin farar wuta da ke cikin abinci mai gina jiki, sai ta koma tayosayanet. Wannan bai kai sayanayid haɗari ba, amma yana rige-rigen shiga tayirod da aidin ta ƙofa ɗaya, ya hana shi shiga. Idan aidin ya wadata a abinci, illar ba ta da yawa. Idan kuwa dama aidin kaɗan ne, sai tayirod ta kasa. An tabbatar da wannan alaƙa a jikin mutane a ƙasar Kongo cikin shekarun 1970, a tsibirin Idjwi da yankin Ubangi, inda maƙoƙo ya yi yawa a tsakanin masu cin rogon da ba a sarrafa sosai ba.

Gero. A yankin Darfur na ƙasar Sudan an danganta yawan maƙoƙo da dogaro ga gero tare da ƙarancin aidin. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa sinadaran da ke danne tayirod sun fi taruwa a dusar geron.

Ɗanyen waken suya. Yana ƙara wa jiki buƙatar aidin. Gasawa ko dafawa na rage illarsa.

Ganyen kabeji da danginsa, da ganyen bishiyar lukina da ake shukawa a gonaki domin gyaran ƙasa. Dukansu suna da sinadaran da ke taɓa tayirod idan aka ci da yawa kullum.

Maganin feshi. Maganin cutar ganye mai suna mankozeb, wanda ake fesa wa tumatir da dankalin Turawa da sauran kayan lambu, yana rikiɗa ya koma wani sinadari da aka tabbatar yana danne tayirod a ɓeraye.

Shawarwari ga mai kiwo

1. Ciyawa ce tushen abincin gyazbi: ciyawar giwa, gamba, karan masara, da ɗan rake. Rogo ƙari ne kawai, kada ya zama shi ne abincin kullum.
2. Ka zaɓi rogo mai zaƙi. Ɓawon rogo kuwa a yanka shi ƙanana a shanya a rana har ya bushe ƙayau, ko a jiƙa shi kwana uku zuwa huɗu a zubar da ruwan, sa'an nan a shanya. Kada ka ba da wanda ya yi funfuna.
3. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da 'ya'yan da aka yaye, a rage musu rogo fiye da sauran.
4. Ka sa gishiri mai aidin a haɗin abinci, kimanin rabin kilo a cikin kilo 100. Tun shekarar 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya, don haka ka sayi na cikin leda mai alamar hukuma. Ka ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima, domin aidin yana gudu.
5. Kada ka ɗiga aidin na wanke ciwo a ruwan sha. Yawan aidin shi ma yana rikita tayirod.
6. Ka tabbatar akwai abinci mai gina jiki a haɗin, kamar garin kifi, ƙuli-ƙuli, ko gasasshen waken suya, domin hanta ta samu abin karya gubar rogo. Haɗin ma'adinai na dabbobi da ake sayarwa yana ɗauke da aidin da siliniyom, a bi ma'aunin da ke jikin buhu.
7. Kada ka yanko ciyawa daga gefen gonar da aka yi wa feshi.
8. Wajen zaɓen namijin iri, ka ɗauki wanda ya girma da sauri a cikin 'yan'uwansa, mai kuzari da gashi mai sheƙi, wanda ya fito daga uwa mai yawan haihuwa. Ka guji tsumburarre ko da yana da araha. Marainan gyazbi ba sa rataye a fili kamar na bunsuru, don haka kada ka matsa cikinsa kana lalube, kuma kada ka ɗaga shi ta ƙarshen wutsiya domin tana tsinkewa.

Ga malaman gona

Idan manomi ya kawo ƙorafin rashin haihuwa, kada a yi saurin cewa tayirod ce. A fara tambayar shekarun namijin, yawan matan da aka ba shi, ko shi da matan uwa ɗaya ko uba ɗaya suke, zafin ɗakin kiwo, hayaniya, ƙiba fiye da kima, da lafiyar haƙora. Waɗannan sun fi yawan zama sanadi. Abin da zai sa a yi zargin ƙarancin aidin shi ne a ga alamu da dama tare a garke guda: 'ya'ya na fitowa matattu ko raunana, masu ƙarancin gashi, kumburi a gaban wuya, jinkirin girma, ga kuma ɗanyen ɓawon rogo a matsayin babban abinci babu gishiri. A irin wannan hali a gyara abinci nan take, a kuma kai gawar ɗan da ya mutu ga likitan dabbobi ya duba girman tayirod. Gwajin jini na T4 shi ke tabbatar da matsalar.

A koya wa manoma ajiye littafi: ranar haɗa namiji da mace, ranar haihuwa, yawan 'ya'ya, nauyinsu ranar yaye, da irin abincin da aka bayar. Idan mata biyu ko uku suka zauna da namiji ɗaya tsawon watanni babu ciki, a sauya shi da wani daga garken da ba danginsu ba. A kuma sanar da manomi cewa gyaran abinci ba ya nuna sakamako cikin mako guda, domin yin sabon maniyyi yana ɗaukar makonni, namijin da ya tsumbure tun yana ƙarami kuma ba lalle ne ya kamo 'yan'uwansa ba.

Kammalawa

Binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa sinadarin tayirod ne ke ƙayyade lokacin da ƙwayoyin reno za su daina ƙaruwa su fara aiki, shi ke taimaka wa ƙwayoyin mazakuta su fito, kuma yawansa ko ƙarancinsa a farkon rayuwa yana bin namiji har girmansa. Abin da ke hannunka a matsayinka na mai kiwo shi ne gishiri mai aidin, sarrafa rogo kafin a bayar, isasshen abinci mai gina jiki, da kula ta musamman ga mace mai ciki da 'ya'yanta. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona na yankinku ko ofishin likitan dabbobi mafi kusa.